Ranar da Wayar Inna Ta Ƙi Yatsanta

Akwai wata gardama a gidanmu da ta ƙi mutuwa. Ko ranar sallah aka haɗu, kafin a gama cin nama sai ka ji an tayar da ita. Masu yin ta mutum biyu ne: autanmu, wanda ya yi karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa a Yamai ya zauna can yana aiki, da taubashinmu, ɗan kawu, mai rumfar gyaran waya da tura waƙoƙi a kasuwar Filinge. Ni ce mai raba su, ni ce kuma mai zuga su in na ga abin zai lafa, don wallahi daɗin ji gare ta. Amma da fari ba dariya ta ba ni ba. A kan bikin 'yata ta fari abin ya yi tsanani, kuma saura ƙiris ranar ta lalace mana.

Sai na fara da Inna Babba, yayar mahaifiyarmu, don in babu ita babu labarin. Aure ya kai ta wani ƙauye can wajen Damana, cikin Tondikandiya, inda Hausa da Zabarmanci ke fita daga baki ɗaya. Allah bai bar mata ɗa ba. Da na yaye 'yar farina sai ta zo ta goye ta ta tafi da ita, kamar yadda ake yi. Ni kuwa ko raka su bakin ƙofa ban yi ba, don a wurinmu uwa ba ta nuna ta san 'yar fari. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane. In ta kama dole sai in ce “waccan” ko “yarinyar nan”. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na zama malama, na koyar da yara shekara da shekaru, amma boko bai cire mini wannan kunyar ba.

Inna Babba ita ce mai waƙar dakan dangi. Injin niƙa ya zo garin nan tun da daɗewa, amma ranar biki har yanzu sai an fito da turame an jera, mata su yi lugude, a daka geron furar amarya da hannu. Kuma ba a ɗaga taɓarya sai an ba da waƙa. Waƙar tata doguwa ce, tana bi ta kan gonaki da rijiyoyi da matan gidanmu da suka riga mu, sannan kowace amarya tana da nata baitin. Na 'yata ta yi shi tun yarinyar tana karatun ungozoma, ko saurayi ba ta kawo ba. Ta kan ce, “In ban kai ba, ku sa mata shi. Kada ku kuskura a daka geronta ba shi.”

Wata shekara bayan girbi wasu samari da 'yan mata suka zo daga Yamai da na'urar ɗaukar murya, suna bi ƙauye-ƙauye suna neman tsofaffi masu waƙa. Yara ne masu ladabi, ba ni da abin da zan ce a kansu. Inna Babba ta sa aka ɗauko mata turmi, ta rera musu tun daga kai har ƙarshe, har da baitin yarinyar. Da damina ta zagayo Allah ya karɓi abarsa, cikin tsufanta, ba doguwar jinya.

Auta ne ya gano cewa an zuba waƙoƙin a wata manhaja ta waya. Ya sayo wa Inna, mahaifiyarmu, sabuwar waya, doguwa, mai sheƙi, ya kawo mata har gida, don tun rasuwar Baba a wurina take zaune. Ya kama babban yatsanta yana dangwala shi a kan gilashin har wayar ta san shi. Sannan ya ce ta yi wani zane da yatsa a kan ɗigo-ɗigon da suka fito, wanda za a buɗe da shi in yatsan ya ƙi. Har juya baya ya yi, kamar mai jiran mace ta sake zane.

“Inna, ke kaɗai za ki san shi,” in ji shi. “Ko ni kada ki gwada ma.”

“To, ɗan nan,” in ji Inna. Ta yi zanenta, ya juyo, ya kunna mata waƙar. Da muryar yayarta ta fito sai ta saki salati, ta riƙe wayar da hannu biyu.

Daga ranar nan, kullum in ta sallame la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ta dangwala yatsa, ta saurari yayarta. Ni ina ɗaya gefen zana ina duba aikin 'yan lakwal da jan biro, kamar ba na ji.

Ba a daɗe ba labari ya kai ƙauye. Mata suka yi ta aiko da saƙo a tura musu. A nan ƙasar haka muka saba, waƙa in ta shiga waya ɗaya ta shiga ta kowa. Ka kai katin memwar, ɗan katin ajiyar waya, rumfa a cika maka, ka ba maƙwabci, maƙwabci ya ba surukinsa. Ranar kasuwa na raka Inna rumfar taubashi. Yana zaune cikin tarkacensa, wayoyin sharji sun yi masa rawani, lasifika tana ta ihu.

“A'a, Gwaggo da kanta! Da matata Madam!” in ji shi, don haka yake tsokanata tun muna yara. “Kawo nan. Kahin ki gyara zama na gama.”

Inna ta gyara zama, ta sake gyarawa, ta sayi gyaɗa ta ci, ta yi hira da mai tattasai. Taubashi yana ta sake igiya, yana haɗa wayar da tsohuwar na'urarsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya samo wani abu da ya ce shi ne waƙar, ya kwafe, ya kunna, sai shuuu kamar ana zuba yashi a kwano. Na yi dariya har na riƙe ciki. Ya harare ni, ya kira Auta, ya buɗe murya yadda duk rumfar za ta ji.

“Kai, ɗan boko, mi ka sa cikin wayag ga?”

Auta ya yi dariyar mugunta daga can Yamai, ya ce ba shi ya sa ba. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwar wayar, wani ɗan ƙarfe da bai kai farcen yatsa ba, da suke kira furosesa, akwai wani ɗan ɗaki da aka gina tun daga masana'anta. A ciki ake ajiye mabuɗai. Sawun yatsan Inna yana ciki, zanenta yana ciki, mabuɗin waƙar ma ta nan yake bi. Babu mai shiga ɗakin nan, ko mai gyara, ko ɓarawo, ko ma mai wayar.

“Tsaya, tsaya,” in ji taubashi. “Ko mai wayar ka ce?”

“Ko mai wayar.”

“To ɗaki cikin gidana wanda ba ni da mabuɗinshi, ai gidan ba nawa ba na. Haya nike.”

“Ɗakin nan shi ka tsare Inna,” in ji Auta. “Waƙar kuwa sun kulle ta don kada wasu su sace muryar tsohuwa su riƙa saidawa a kasuwa. Ka ko san irin mutanen da nike nuhi.”

Masu jiran sharji suka fashe da dariya. Taubashi ya miƙe tsaye, ya dafe ƙirji.

“Ni? Ni ɓarawon waƙa? Gwaggo Babba duk mai turmi tana yi mishi waƙa kyauta! Wa ta roƙa shi sa mata kwaɗo?”

Ni da na gaji na ce, to ai abin mai sauƙi ne, a kunna waƙar da ƙarfi a kara wata wayar a ɗauka. Kai, kamar na zage shi. Ya ce shi, mai rumfa, ya ɗauki muryar gwaggonsa haɗe da kukan jaki da hayaniyar masu tattasai? Wannan aikin yara ne. Ya ce in tsaya ga allina, shi zai fitar da ita tas kamar yadda ta shiga, in dai an ba shi lokaci. Auta kuma daga can yana cewa ko hakan ma ba a yarda ba. Muka tashi ba waƙa, aka bar maganar a kan sai wani jiƙon.

Bayan wannan wani abu ya faru da ya ba Auta baki. Inna ta je bikin suna a Sanam, a hanyar dawowa ta manta wayar a cikin mota. Ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. Sai ga wani mutum ya kawo waya rumfar taubashi, wai tasa ce, ya manta yadda ake buɗewa. Taubashi ya juya ta, ya ga jan zaren da Inna ta ɗaura a jikin rigar wayar. Ya ce wa mutumin ya zauna, bari ya kira mai yatsan. Kafin ya ɗago kai mutumin ya shige cikin masu awaki. Wayar ta dawo ba abin da aka taɓa, ko hoto ɗaya ba a gani ba. Auta ya yi ta kiran taubashi safe da yamma yana tambayarsa lafiyar ɗan ɗakin. Amma ni da muka yi magana ya sauke murya ya ce, “Yaya, kin san yadda hanya take a shekarun ga. In waya ta hwaɗa hannun da bai kamata ba, lambobin ɗiyanki da hotunansu duk suna ciki.” Ban yi masa musu ba. A ranar na koma bayansa, na ce Allah ya yi wa mai ɗan ɗakin nan albarka.

Ana nan yarinyar ta gama karatu, ta fara aiki, ta kawo wanda take so, aka sa rana. Abu ɗaya ta roƙa, kuma ba ni ta roƙa ba, ta Inna ta biyo. Ta ce ranar daka tana son muryar Inna Babba ce za ta ba da waƙa, a haɗa wayar da lasifika, mata su amsa, a kai har baitinta. Inna ta ce an gama. Taubashi ya yi alkawarin babbar lasifikarsa.

Ana gobe daka Inna ta ƙunsa lalle. Ba ɗan lalle ba, irin na kakar amarya, wanda ake kwaɓawa da kauri a ɗaure hannu da shi. Da aka kwance, yatsunta sun yi baƙi wuluk, sai sheƙi suke. Ta yi ta juya su tana nuna wa baƙi. Babu wanda ya yi tunanin komai, har ni mai boko.

Da hantsi aka jera turame a tsakar gida. Mata sun zo daga Damana, sun zo daga Sanam, ga na unguwa. An jiƙa gero, an zuba, kowace ta riƙe taɓarya. Amarya tana ɗaka a lulluɓe da ƙawayenta, an bar ƙofa a buɗe don ta ji. Inna ta fito da wayarta cikin isa, ta dangwala yatsa. Wayar ta yi ɗan kaɗawa, ba ta buɗe ba. Ta goge yatsan a zane, ta sake. Shiru. Ta lashe shi, ta sake.

“Ikon Allah,” in ji Inna. “Ni ta hwa. Ba ki gane ni ba?”

Sai wata ƙanwar Baba ta ce a ba ta ta gwada nata, ai jini ɗaya ne da yaran gidan. Wata ta ce a'a, ita ce suke ɗaki ɗaya da Inna, nata zai fi kama. Kafin in fito daga madafa sun yi layi, wallahi layi sosai kamar na rigakafi, kowace tana dangwala nata yatsan mai lalle tana bismilla. A wurinsu wayar ta gida ce, to me zai hana ta san 'yan gida? Da wayar ta gaji sai ta daina karɓar yatsa gaba ɗaya, ta fito da ɗigo-ɗigon nan tana neman zane.

“Inna, yi zanen,” na ce.

Ta dube ni. “Wane zane?”

Tun ranar da Auta ya kawo wayar yatsa take sawa, zanen ya fita kanta. Ta gwada wani, ba shi ba. Mata suka shiga ba da shawara, wannan ta ce a yi kamar lauje, waccan ta ce kamar ƙofar rumbu. Wayar ta ce a jira. Aka jira, aka sake, ta ce a jira fiye da na farko. Inna ta sa aka kawo lemun tsami da toka tana dirzar yatsa kamar za ta cire fatar. Na ƙwace wayar na ɗaga sama, na ce duk wadda ta ƙara taɓa ta sai mun ɓata, ko wace ce.

Aka aika aka kira mazan biyu. Auta yana wajen ɗauko kujeru, taubashi yana ɗaura lasifika a ƙofar gida. Suka shigo tare. Taubashi ya dubi wayar, ya dubi yatsun Inna, ya zauna a kan turmin da aka kife ya yi dariya har da hawaye.

“Ga mai gadinka nan, Auta! Ya hana mai gida shiga gidanta don ta yi kwalliya!”

“Aikinshi shike yi,” in ji Auta, amma muryarsa ba ƙarfi. “Bai san lalle ba.”

“To wanda bai san lalle ba, mi ya kawo shi ƙasag ga?”

Na ce da taubashi ya bar surutu ya buɗe. Nan dariyarsa ta tsaya. Ya ce zai iya wanke wayar ta koma sabuwa, amma duk abin da ke ciki zai tafi. Auta ya gyaɗa kai, ya ce gaskiya ne, kuma shi ma ba shi da wata dabara. Karo na farko ke nan da na ga sun yarda da juna, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Muna cikin haka sai ga maƙwabciyarmu ta shigo da tasa a kai. Bazabarma ce, aminiyar Inna tun suna amare, ita ke sayar da kopto, dafaffen zogale da ƙuli, a bakin tasha. Ta tsaya ta gama cinikin safe ne shi ya sa ta makara. Ta ce lafiya ta ji gidan biki shiru ba ƙarar taɓarya? Aka gaya mata. Ta sauke tasa, ta goge hannu, ta ce in miƙo. Na ƙi. Ta ce, “Ke ɗiyar nan, miƙo, ajiya aka ba ni.” Ta jira wayar ta gama fushinta, ta ja yatsa sama, ta karya gefe, ta sauko. Wayar ta buɗe.

Guɗa ta tashi har awaki suka firgita. Auta kuwa ya riƙe kai.

“Inna! Na ce ko ni kada ki gwada ma!”

“Ai ban gwada maka ba,” in ji Inna. “Mabuɗin ɗakina ma yana wurinta. In na kwanta ciwo wa za shi buɗe?”

Aka haɗa lasifika, mata suka gyara ɗamara, suka ɗaga taɓare. Auta ya taɓa waƙar. Maimakon murya sai wani rubutu ya fito da Faransanci. Na leƙa ta kafaɗarsa na karanta, na ga fuskarsa ta canza. Wai izinin sauraro ya ƙare, sai wayar ta gaisa da masu manhajar ta hanyar rezo, wato sabis ɗin waya, kafin a sabunta shi. Rezo kuwa ya kwana biyu da ɗaukewa a garin, kamar yadda yakan yi mana, kuma hidimar biki ta hana Inna zaman la'asar balle ta lura.

“Waƙar tana ciki?” na tambaye shi.

“Tana ciki, Yaya. Duk tana ciki.”

“To kunna mana!”

“Ba ta kunnuwa. Wanga mabuɗin ba na Inna ba na.”

Ban taɓa ganin Auta ya yi abin da ya yi ranar ba. Ya tattare babbar rigarsa ta biki, ya ce a kawo tsani. Taubashi da kansa ya riƙe masa. Ya hau katanga, daga katanga ya hau kan ɗakin Inna, ya ɗaga wayar sama yana juyawa gabas da yamma yana neman rezo. Kuma ko a hakan ba su fasa ba. Taubashi daga ƙasa yana cewa, ka gani, ka gani, ɗakin haya. Auta daga sama yana cewa laifin ba na ƙarfen ba ne, ƙarfe ɗaya ne mabuɗi biyu, na Inna ya tsare ta daga ɓarawo, na biyun ne aka ba wanda bai kamata ba. Taubashi ya ce shi ma ba shi da rigima da na farkon, amma duk ranar da aka gina ɗakin da mai gida ba ya shiga, mai ƙarfi sai ya sa nasa kwaɗon. Auta ya ce to sai a rushe ɗakin kowa ya kwana a waje? Taubashi ya ce a'a, a ba mai gida mabuɗin duka biyu.

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Rana ta take, geron da aka jiƙa yana shan iska, mata sun fara jingine taɓare suna neman inuwa. Sai wata ƙawar amarya ta fito ta raɗa wa Inna magana, na ji da kunnena. Wai amarya tana ciki tana kuka, tana cewa Inna Babba ta ce kada a daka geronta ba baitinta. Ni kuma ba ni da ikon in shiga in rarrashe ta a gaban dangin uba. Sai na juya kan mazan na sauke musu. Na ce da mai ɗaki da mai haya duk ku yi mini shiru, kun cika mu da ilimi ga yarinya tana kuka!

Inna ta ture lemun tsami da toka gefe. Ta tashi, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta karɓi taɓarya a hannun wata yarinya. Tsohuwar da muka hana daka tun shekarun baya saboda kafaɗa. Ta buga sau ɗaya, ta buga na biyu, ta buɗe baki.

“Gero na gonar tudu, ku daka shi da sannu,
mai shan shi baƙuwa ta, gobe tana gidan wasu.”

Muryarta ba ta kai ta yayarta ba, siririya ce, tana rawa. Amma kalma ba ta kuskure ba. Zaman la'asar ɗin nan ashe ba a banza ya tafi ba. Matan Damana suka amsa, taɓare suka hau, lugude ya kama. Ta bi ta gonaki, ta bi ta rijiyoyi, inda Zabarmanci ya shigo mai kopto ta tallafa mata. Tsakar gida ta ɗauka, ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafa. Har ta iso baitin yarinyar.

“Ɗiyar da anka ba ni aro...”

Nan ta tsaya. Ta sake ɗaukowa, muryar ta ƙi. Hawaye ne suka zo mata, ta sunkuyar da kai a kan taɓarya. Mata suna ta bugawa suna jira, ba mai ba da waƙa, don baitin nan ba a taɓa rera shi a wani biki ba, babu wadda ta san shi. Bugun ya fara raguwa.

Ni na san shi. Kullum in ya zo jan birona tsayawa yake yi a bayan zana. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Na ji bakina ya buɗe, da wannan muryar tawa ta tsawata wa 'yan lakwal.

“Ɗiyar da anka ba ni aro, na riƙe ban mayar ba,
uwatta na bayan zana, tana so ba ta hwaɗa ba.
Ku daka mata da kyau, ku tankaɗe da kyau,
in ta tahi ta sha, ta san gida na sonta.”

Kai! Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Guɗa a kan guɗa. Ƙannen Baba suna tafa hannu suna cewa Madam ta yar da kunya, Madam ta yi wa 'yar fari waƙa a tsakar gida! Wata ta cire gyalenta ta yafa mini a kai wai in ɓoye fuska. Jakin maƙwabta ma ya ga ba za a bar shi a baya ba, ya saki nasa. Ni kuwa na ji kunya kamar ƙasa ta tsage, kuma na ji daɗin da ban taɓa ji ba, duka a lokaci ɗaya. Da na ɗaga gyalen sai na ga amarya a bakin ƙofa, ta ɗage lulluɓi, tana kallona. Da can in idonmu ya haɗu ni ke fara kawar da kai. Ranar ban kawar ba.

Bayan an kai amarya da 'yan kwanaki rezo ya dawo, muryar Inna Babba ta dawo da shi. Auta bai koma Yamai ba sai da suka shiga ɗaki shi da taubashi, suka rufe ƙofa da taga, suka toshe kafofi da bargo, suka kori kaji. Ɗaya ya kunna, ɗaya ya kara waya ya ɗauka. Har yau Auta cewa yake shi riƙewa kawai ya yi, taubashi kuma cewa yake ba aikin yara ba ne tunda a ɗaki aka yi. Yanzu waƙar tana kowace waya daga nan har Damana, Inna kuma in za ta ƙunsa lalle sai ta ware babban yatsa ɗaya ta bar shi fari.

Abin da ban sani ba, ashe ranar dakan taubashi yana riƙe da tsani da hannu ɗaya, ɗayan yana ɗaukar mu da wayarsa. Shi ya gaya mini da bakinsa, wata ranar kasuwa, yana murmushin tsokana. Ya ce yarinyar ta zo rumfarsa da katinta, ya ce bari ya sa mata ta Inna Babba, mai tsabta, wadda suka sha wahala a kanta. Ta ce ya sa, tana so. Da ya gama ta ƙi tashi. Ya ce saura mi? Ta sunkuyar da kai, ta ce, “Kawu, ka sa mini da wadda ke da jakin.”